Dorina Ya Cinye Shi

Ranar wata Talata da hantsi, a damina ta biyu bayan faɗuwar Mubi a hannun 'yan tayar da ƙayar baya, jirginmu ya sauka a arewacin tsibirin Saifurus, ɓangaren da ke hannun Turkawa. Mu biyu ne daga Jimeta, ni Hamidu da Njidda ɗan kawuna. Na ukun da ya kamata a ce yana wurin shi ne wakilin dillalin da ya nema mana makaranta. Bai zo ba. Muka zauna a kan jakunkunanmu har inuwa ta juya, lambar da aka ba mu tana ta ƙara babu mai ɗauka.

Njidda ya miƙe ƙafa ya ce, "Bawana, tashi ka tambayo mana hanya. Ai saboda Turancinka aka haɗo ka da ni."

Wasa yake yi, kuma gaskiya ya faɗa. Mahaifinsa ƙanin mahaifiyata ne, saboda haka mu taubasai ne. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace. A al'adar gidanmu shi ne ubangida, ni ne bawa. Yana da damar ya gaya mini abin da ya ga dama, ni kuma ba ni da damar yin fushi.

Yana karatu a Mubi lokacin da mayaƙan suka shiga garin. Ya bi duwatsu da ƙafa ya faɗa Kamaru, ya zagayo, ya zauna a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi har Dada, mahaifiyata, ta gano shi ta kawo shi gidanmu a Demsawo. A lokacin ni ina karanta labarai a wani gidan rediyo a Yola. Da bakina na karanta labarin Mubi, ban yi tuntuɓe a kalma ko ɗaya ba. Da ya iso aka ba shi ɗakina, na koma zaure. 'Yan uwa suka riƙa zuwa daga Yola da Girei suna zama a gabansa, shi yana ba da labari, ni ina zuba shayi. Da dangi suka sayar da gonar Sangere don ya ƙarasa karatu a waje, Dada ta ce ba zai tafi shi kaɗai ba. Ta haka na bar aikina. Ba wanda ya tilasta mini. Ni ma ina so a ce an sayar da wani abu saboda ni, ko da a matsayin ɗan rakiya ne.

Zangonmu na farko Lefkosha, babban birnin ɓangaren. A ofishin makarantar wata mata ta yi mini bayani a natse, ni kuma na fassara wa Njidda a natse. Tallafin karatun da dillali ya ce cikakke ne, rabi ne. Masauki ba ya ciki. Aikin da ya ce yana jiranmu babu wanda ya taɓa jin labarinsa. Wayar dillalin daga ranar ba ta sake shiga ba.

Muka sami kwana a wani tsohon gida kusa da ganuwar birnin, tare da wasu 'yan Najeriya da 'yan Kamaru, katifa na taɓa katifa. A nan na fara lura da wani abu. Ni ne mai Turanci, amma Njidda ne ake ba abu. Mai gidan burodi da ke ƙasanmu bai san sunana ba har muka tashi, shi kuwa yana ajiye wa Njidda na jiya kyauta. Ban san da wane harshe suke hira ba. Na taɓa tsayawa na saurara: hannu ne, da dariya, da sunayen 'yan ƙwallo.

Zango na biyu gonakin lemo a Guzelyurt, cikin sanyi. Mutumin Yola bai san sanyi mai ruwa ba. Yatsu su ƙage a kan almakashi, ruwa ya bi hannun riga ya gangara har hammata. Wanda ya kai mu aikin ya ce biya sai ƙarshen tsinka. Ƙarshen tsinka ya zo, shi bai zo ba. A gonar nan na yi kewar abubuwan da ban san ina so ba: zafin Jimeta na watan Maris da mutum ke kwana a waje yana tsine masa, warin kifi a bakin gada, hayaniyar 'yan Keke Napep a Dubeli. Njidda kuwa ya yi aboki da direban motar da ke kwasar lemon. Shi ne ya gaya masa cewa wani tsoho a Girne, bakin teku, yana neman masu hannu.

Sunan tsohon nan Usta Kemal. Usta a harshensu shi ne gwani, mai gidan sana'a. Ya yi shekarun ƙuruciyarsa a Landan, ya dawo gida da tsofaffin injinan wasa da yake gyarawa yana ba otal-otal da gidajen shan kofi haya. Turawa na kiran injin finbol. Akwati ne dogo mai ƙafa huɗu, an rufe samansa da gilashi. A ƙarƙashin gilashin akwai allon katako mai ɗan gangare, an yi masa zane da fenti, an kafa masa turaku masu zoben roba da ƙananan fitilu. Wannan allon shi ake kira fili. Ana harba ƙwallon ƙarfe sama, tana gangarowa, mai wasa yana mayar da ita da wasu 'yan hannuwa biyu da ke ƙasa, har ta kuɓuce masa.

Tambayar farko da na yi wa Usta ita ce ko caca ce, domin na san abin da Dada za ta fara tambaya ke nan. Ya ce ba a cin komai sai maki. Na fassara wa Njidda.

Ya ce, "To wahalan banza ne ke nan. Zan iya."

Aikinmu shi ne filin. Usta ya tsaya a kanmu ya nuna mana. Za ka zare gilashi ka jingine shi a kan kwali, ba a kan siminti ba. Ka cire ƙwallaye kafin ka ɗaga allon. Ka ɗauki hoton kowane lungu kafin ka kwance ko da sukuru ɗaya. Sannan busasshen aiki tukuna, buroshi mai laushi da injin zuƙar ƙura, domin baƙar ƙurar da ke ciki garin ƙarfe ce, idan ka goge ta da tsumma ka kankare fenti da hannunka.

Njidda ya ce in tambaye shi ina bokiti.

Usta ya fahimta tun kafin in fassara. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ruwa ba ya taɓa fili. Katako ne. Zai sha, ya kumbura, fentin ya tashi kamar ɓawon gyaɗa. Wanda ya zana wannan ya mutu, ba zai zo ya sake ba."

Da nafta ake gogewa, wani farin mai da ke bushewa nan take, kuma a tsumma ake ɗiga shi, ba a kan allo ba. Sifirit haramun ne a kan tsofaffin, yana cin ƙyallin da aka shafe fentin da shi. Idan tsumma ya daina baƙi sai a shafa kaki mai tauri, siriri ƙwarai, a jira ya yi hazo, a murza da ƙyalle mai tsabta. A canza robobi. A canza ƙwallaye, domin ƙwallon da ta yi tsatsa ko ta sami tabo ita ce ke cinye zanen, tana yawo a kansa tana kankara.

Aikin ya dace da ni. Na saba da abin da ake yi bi da bi, ba a tsallake, kamar yadda ake tsara labaran ƙarfe shida. Kafin bazara na san bambancin datti da ke kan fenti da wanda ya shige cikin tsagar fenti, na san inda ake tsayawa ko da wurin bai fita ba. Usta kan sa tabarau ya karkata kai ya duba filina ta gefen haske, ya ce, "Da kyau, Hamid Bey." Bey girmamawa ce, kamar a ce Malam Hamidu.

Njidda kuwa sukurori na ɓace masa. Yana lafta kaki kamar mai shafa wa jariri man kaɗanya, ya bushe fari a gindin turaku, ni in bi da tsinken sakace ina cirewa. Amma idan aka mayar da gilashi, sai an buga injin an gwada, kuma a nan babu kamarsa. Yana bugawa da dukan jikinsa, yana zagin ƙwallo, yana lallashinta. Usta ya bar abin da yake yi ya zo ya tsaya a bayansa yana dariya har da tari. Shi ba ya ce masa Bey. Oglum yake ce masa, wato ɗana.

Yayar Usta, wadda kowa ke kira Abla, ita ke kawo abincin rana. Wata rana ta buɗe tukunya sai ga miya kore mai yauƙi da naman rago. Njidda ya sunkuya ya shinshina.

Ya ce, "Hamidu, lalo ne. Wallahi lalo ne. Tsohuwan nan ya san lalo."

Na ce, "Ta san lalo."

Ya ce, "To ai shi na faɗa."

Su molohiya suke ce mata. Ya ci yana share ido da bayan hannu, yana ce mata useko, godiyarmu ta Fulatanci, ita kuma tana maimaitawa. Daga ranar duk Alhamis sai ta dafa. Ni ma na ji abin da ya ji. Amma ni na gode mata da cikakkiyar jimla ta Turanci, ta ce ba komai, magana ta ƙare. Kwanon Njidda kullum ya fi nawa nama. Na san haka domin ina dubawa.

Turkawa ba sa cewa finbol, tilt suke cewa, saboda wata dabara da ke cikin injin. An yarda mai wasa ya ɗan girgiza akwatin don ya karkatar da ƙwallo. Amma a ciki akwai wani ɗan ƙarfe da ke reto a tsakiyar zobe. Idan girgizar ta yi yawa ya taɓa zoben, fitilu su mutu, hannuwan su sandare, ƙwallo ta wuce kana kallo. Njidda ya san iyakar kowane inji a shagon. Yana kai su bakin zobe ya dawo da su. Ni ma haka yake yi mini tun muna yara.

Akwai kuma wani ƙarfe a cikin akwatin da ke dukan katako da ƙarfi idan mutum ya ci wasan kyauta. Ƙararsa ɗaya ce, busasshiya, kamar ta bindiga. Ranar da ya fara bugawa a hannun Njidda, kafin in juya ya shige ƙarƙashin injin, hannuwa a ka. Ya ɗan jima a wurin. Sannan ya fito yana dariya yana kakkaɓe gwiwa, ya ce sukuru yake nema.

Usta bai yi dariya ba. Ya ja kujera ya ce in tambaye shi. Njidda ya ba da labarin Mubi da duwatsu, ni na mayar da shi Turanci. Na yi aikin da kyau, domin ban iya yin sa wani iri ba. Na san inda ake rage murya, na san inda ake ɗan dakatawa. Abla ta yi kuka. Washegari Usta ya bi injinan shagon ɗaya bayan ɗaya ya cire wayar wannan ƙarfen, ya ce ba za a mayar ba sai ranar da inji zai fita. Na tsaya ina kallon tsoho a durƙushe saboda Njidda, ina tunanin cewa rabin abin da ya durƙusar da shi muryata ce. Ban taɓa fatan a ce ni na bi duwatsun nan ba. Amma shi yana da labari, ni aikina karanta na wasu.

A shekara ta uku abin da ya rage na gonar Sangere ya ƙare, makaranta ta cire sunayenmu, izinin zamanmu na ɗalibai ya kama hanyar mutuwa. Usta ya zaunar da mu ya faɗa mana a fili. Shagonsa ƙarami ne, izinin aiki na mutum ɗaya kawai zai iya nema. Ɗayan sai dai ya koma gida kafin zamansa ya zama laifi. Ya ce zai yanke shawara bayan an gama wani inji da wani otal ya ba shi.

Ni na san abin da komawa ke nufi a gare ni. Kujerata a gidan rediyo an ba wani tuntuni, na ji muryarsa ta intanet. Zan sauka a Yola ba digiri, ba aiki, in koma zaure.

Injin ya yi shekaru a ɗakin ajiya kusa da teku. Filinsa baƙi ƙirin, robobin sun narke sun manne, ƙwallon da aka manta a ciki ta yi ja da tsatsa. Usta ya ba ni filin. Na yi makonni a kansa, tafin hannu ɗaya a yini idan an yi sa'a. A hankali zanen ya riƙa fitowa: kogi mai faɗi, kwalekwale, mutum a tsaye da gora, ciyayi a gaɓa. A can sama wata dorina ta wangame baki, kuma bakin nata rami ne na gaske da ke haɗiye ƙwallo. Wanda ya zana bai taɓa ganin Binuwai ba, amma ranar da na murza kaki na uku ruwan ya kama haske, na ga kogin daga kan gada da yamma a watan Satumba. Usta ya duba ta gefen haske ya daɗe. Ya ce bai taɓa ganin an fito da fili haka ba, har a Landan. Na riƙe wannan magana. Na ɗauka an gama.

Saura murya. Injin irin masu magana ne, amma allon sautinsa ya mutu. Usta ya ce ba asara ba ce, domin tsohuwar muryar wani Bature ne ke gwalanto yana kwaikwayon mutanen Afirka. Ya sayo sabon allo da ake iya zuba masa kowace murya. Ya ce tunda yana da mutanen kogi a shago, a sa harshen gaske.

Wannan fagena ne. Na tsara jimlolin, na auna tsawon kowace da daƙiƙun da inji ke bayarwa. Na rataya barguna a ɗakin ajiya don kashe amsa-kuwwa. Na ce, "Barka da zuwa bakin kogi." Na ce, "Dorina ta haɗiye ƙwallo." Na ce, "Ƙwallo ta kuɓuce, a sake gwadawa." Ban taɓa yin ɗauka mai tsabta irin wannan ba.

Ranar gwaji Njidda ya kama injin. Usta ya ajiye wayarsa a kan gilashi tana ɗauka, ban kula ba. Ƙwallo ta hau, ta zagaya kwalekwale, ta faɗa bakin dorina.

Njidda ya buga cinya ya ce, "Kai! Dorina ya cinye shi! Ya cinye shi, ɓarawo!"

Da ta kuɓuce ta tsakanin hannuwan ya ce, "Ya tafi, ya tafi Numan, sai wata rana."

Usta ya kai wa matar da ke da otal ɗin muryoyin biyu. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Ta ce ta farko kamar sanarwar filin jirgi, ta biyu kuma tana sa mutum ya laluba aljihu ya sake bugawa.

Na sami Usta a gaban Njidda na ce akwai kuskure a abin da zai zuba. Na yi masa bayani dalla-dalla. Hausa tana bambanta namiji da mace. Ƙwallo dai ana jayayya a kanta, amma dorina mace ce a bakin kowa, ta cinye ake cewa. Na ce injin zai yi shekaru yana maimaita kuskure a gaban mutane.

Usta ya juya ga Njidda ya tambaya da hannu.

Njidda ya ce, "Gaya masa duk Jimeta haka muke faɗa. Gaya masa Goggo ma haka yake faɗa, uwarka."

Na fassara, har da uwar.

Ya ce, "Kuma wa ya duba dorinan ya ga mace ne? Kai da ka goge shi wata guda, ka ɗaga wutsiyansa?"

Usta ya ga ina murmushin dole, ya ce me ya ce. Na fassara wannan ma. Ya yi dariya har ya zauna.

Da Njidda ya tsaya nan da ba komai. Amma ya ga inji na tafiya, sai ya ƙara girgizawa.

Ya ce, "Bawana, muryanka ba na wasa ba ne, na sanarwan mutuwa ne. Mun ji ka fa a kan dutse. Wani yana da ƙaramin rediyo. Na ce musu wannan ɗan goggona ne, ina alfahari. Wani tsoho ya saurara ya ce, wannan yaron bai taɓa gudu ba."

Yana dariya ya faɗa. Wannan ban fassara ba. Na ɗauki tsummana na koma kan wani fili. Daga ranar na daina amsa masa, a shago da a ɗaki. Ya ce bawana, shiru. Ya ce Malam Hamidu na rediyo, shiru. Taubashi ba ya fushi, na sani. Amma abin ya riga ya taɓa zobe.

Bayan an kai injin otal Usta ya kira ni gefe, ya zuba mini kofi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Tun daga nan na gane. Ya ce, "Hamid Bey, hannunka ya fi nawa. Amma ni na tsufa, ina bukatar wanda zai shiga otal ya sa mutane su so injin. Kuma yaron nan, ina zai koma?" Na ce na fahimta. Na gode masa da cikakkiyar jimla. Na fara duba kuɗin jirgi.

Makon ya faɗa cikin watan Muharram. Ranar goma ga wata Abla ta shigo da babban kwano na wani fate mai zaƙi, alkama da wake da busassun 'ya'yan itace, an barbaɗa rumman a kai. Ta ce ashure ne, a ranar ake dafawa a raba wa maƙwabta. Njidda ya tsaya da cokali a hannu.

Ya ce, "Yau cika-ciki ke nan."

Na ci gaba da aikina.

Ya ce, "To bawa ba zai zo ya karɓi kuɗin shara ba?"

A gida a wannan rana ce ɗan mace ke zuwa wurin ɗan namiji da tsintsiya, ya yi kamar yana share masa ƙofa, shi kuma ya ba shi ɗan abin da ya samu. Tun muna yara Njidda ke ba ni, wani lokaci alewa, wani lokaci murfin kwalba. Ba a ƙin karɓa.

Ya ɗauki buroshin fili ya danƙa mini a hannu. Ya ce, "Share nan." Ya nuna gaban takalminsa. Usta da Abla suna kallo, ba su san me ake yi ba. Na ja buroshin sau ɗaya a ƙasa don a wuce wurin.

Ya ce, "Madalla. Na ba ka shagon. Gaya wa tsoho ya sa sunanka, ni gida zan tafi."

Na yi magana da shi karo na farko a kwanakin. Na ce ba na so. Na ce ba sadaka na zo nema ba.

Ya ce, "Ba sadaka ba ne, shara ne. Ka riga ka share."

Na ce, "Kai aka zaɓa."

Ya ce, "To na zaɓu, na gode. Ni na gaji da zama a ɗakin mutane, Hamidu. Malkohi, ɗakinka, Lefkosha, nan. Baba ya kama rumfa a kasuwan Jimeta, ba mai tsaya masa." Ya ɗebi ashure ya tauna. "Kuma na yi waya da Goggo. Na gaya masa ɗaya zai dawo. Ya ce in dawo."

Na ce, "Ta ce wa ya dawo?"

"Ni. Ya ce kai kana iya zama kai kaɗai, tun kana yaro haka kake. Ya ce ni ba na iyawa."

Na tsaya da buroshi a hannu. Na yi kwanaki ina jin zafin an zaɓe shi ya zauna. Ban san akwai wani zaɓen da aka yi a Demsawo ba, kuma shi ma shi ya ci.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ta ce. Dada mace ce."

Ya ce, "Ya ce, ta ce, ni dai na ji. Fassara wa tsoho, yana jira."

Na fassara. Usta ya yi ta roƙonsa, ni ina mayar da roƙon Hausa, ina mayar da ƙin Turanci. Abla ta fita waje. A ƙarshe Usta ya cire tabarau ya goge, ya dube ni ya ce, "To, Hamid Bey." Haka na sami aikin.

Na raka shi filin jirgin da muka sauka. Abla ta cika masa jaka da busasshen lalo, kamar babu shi a Adamawa. A bakin ƙofa ya ce, "Bawana, ka kula mini da dorina. Kar ka sa masa ruwa."

Yanzu hannun Usta na rawa, duk filayen ni ke yi. Na mayar da wayoyin ƙarfen nan da aka cire. Njidda yana rumfar Kawu a kasuwa, ya yi aure, ya faɗaɗa ɗakina na Demsawo ya ƙara masa baranda. Shi ke kai Dada asibiti. Idan na kira ta, sau da yawa wayarsa ce ke kusa, sai ya gama tsokanata sannan ya miƙa mata. Na je gida sau biyu. Yaransa suna ce mini Bappa na Turai, suna ɓuya a bayan ƙafarsa.

Injin dorina yana nan a otal ɗin. Duk bayan 'yan watanni nakan je in zare gilashi, in goge kogin, in shafa kaki, in canza ƙwallo. Ɗaukar da na yi a ɗakin ajiya tana cikin wayata, kuma sauya muryar ba zai ɗauke ni tsawon shan kofi ba. Usta ya ce in yi yadda na ga dama.

A bara ina tsugune ina ɗaure ƙafar injin, wani ɗalibi ɗan Kano da ke aiki a ɗakin cin abincin otal ɗin ya zo ya tsaya. Wani baƙo ya buga, ƙwallo ta faɗa ramin, muryar Njidda ta cika zauren. Ɗalibin ya ce, "Malam, wa ya yi musu wannan Hausar? Ai ba daidai ba ce."

Na ce masa a Jimeta haka ake faɗa. Na mayar da gilashi na kulle. Muryar ba a sauya ta ba har yau.